Ka Ce Kwashe Ƙorafi Ba Aiki Ba Ne?

Ka ce me? A kwafe a liƙa kawai? Madalla da gwani! Ashe injiniyoyin da suka shafe watanni suna gumi a kan wannan aiki ba su san kana nan Wudil ba, ai da sun aiko maka da kuɗin mota ka je ka gama musu shi kafin la'asar.

Yi mini haƙuri in yi wa waɗanda ba su kai ka sani ba bayani. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya duba, ya ɗauka, ya gyara: irin su Firefox, da harshen Python da ake koya wa ɗalibai, da MediaWiki wadda Wikipedia ke zaune a kanta. Kowacce tana da kundin ƙorafi a intanet. Nan mutum zai je ya rubuta cewa na danna kaza, kaza ya lalace. Sai a ba ƙorafin lamba, masu gyara su taru a ƙarƙashinsa suna tambaya suna musu, wannan ya liƙa hoton allonsa, wancan ya kawo gyara, daga ƙarshe a rufe shi, ko kuma a bar shi buɗe shekara 10 yana hamma. Wani lokaci jama'ar manhajar sai su ga kundin ya gaji, su ce a tashi a koma sabon tsari. Wannan ƙaurar ce ranka ya daɗe yake cewa ba aiki ba ce.

Na ji ka, ba sai ka ɗaga murya ba. Ka ce: "To ni ina ruwana? Ina zamana a Wudil, su suna can Amurka da Turai suna kwashe-kwashensu." Haba malam! Yau mutumin Wudil ne ke tambayar ina ruwansa? Kai da garinku ke bakin kogi, gada a sama, masunta a ƙasa? Ruwanka na nan har wuya. In ka taɓa buɗe Wikipedia ta Hausa, ka sani duk ranar da editocinta suka buƙaci abin da ya fi ƙarfin edita, ko a sauya tambari, ko a gyara sunan wani sashe, ko wani maɓalli ya yi yajin aiki, ba fada suke kai kuka ba. Wani kundi suke zuwa mai suna Phabricator, su rubuta, a ba su lamba mai farawa da T, su bi layi kamar kowa. Yaron da ke karatun kwamfuta a jami'ar nan ta titin Gaya, wadda ta fara aiki a 2001 aka raɗa mata sunan Aliko Dangote a 2022, in Python ta yi masa gardama ya kwafi saƙon kuskuren ya jefa wa Google, sau da yawa cikin kundin ƙorafin Python zai faɗo, ya tarar wani bawan Allah ya riga shi wannan kukan tun shi yana firamare, an kuma ba shi amsa.

Ga wanda ya fi wannan kusa da jikinka. Akwai wani tsohon jerin harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, su Larabci da Farisanci da Urdu, wanda masu rubuta manhaja suka daɗe suna kwafa daga hannun juna ba tare da sun tsaya dubawa ba. A cikin jerin har da Hausa, albarkacin ajami. Sai ka zaɓi Hausa a wata manhaja, ka ga rubutun boko ya tattara nasa ya nasa ya koma ya manne a gefen dama, aya ta dawo farkon jimla, kibiyar "gaba" tana nuna baya. Wanda zai gyara wannan galibi bai taɓa jin ko "sannu" ba. Sai wani daga cikinmu ya zauna ya rubuta masa ƙorafi, ya fahimtar da shi cewa rubutu 2 gare mu, ajami da boko, kuma wanda ke kan allon nan boko ne, daga hagu yake tashi. Wannan bayanin a kundin ƙorafi yake kwana. Ranar da aka yi ƙaura aka bar shi a baya, ka ba su shekara 2, wani sabon mai himma zai zo ya ga tsohon jerin, ya ce af, an manta da Hausa, ya mayar da ita, ya koma gefe yana jiran a yi masa godiya.

To mu koma ga kwafe-da-liƙanka.

A Nuwamban 2014 Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, ta tashi daga Bugzilla, tsarin da ya fito daga gidan Netscape da Mozilla tun 1998, wanda ita kuma ta shekara 10 tana amfani da shi, ta koma Phabricator. Ƙorafi sama da 73,000 aka kwasa, kowanne da jelar sharhinsa da hotunansa da fayilolinsa. Sai da aka kulle tsohon kundin aka hana kowa ƙara ko wasali, aka cinye ƙarshen mako guda ana jigila. Kafin wannan rana kuwa an yi watanni ana shawara a fili, ana gwada kwasar a kan kwafi, a ga inda ta karye, a gyara, a sake. Su Andre Klapper da Quim Gil da ke cikin jagororin aikin sun san ba a fafe gora ranar tafiya. Kai ne dai ka zo da labarin la'asar.

Ka ce ai duk wannan tsoro ne kawai, rubutu ne za a ɗauke daga nan a ajiye can. To lambar fa?

Ka ce lamba ai lamba ce, a ba kowane ƙorafi sabuwa, wa zai mutu? Zauna, malam, ka sha ruwa. Lambar nan ba a cikin kundin kaɗai take ba. Mai gyara ya rubuta ta a cikin rubutun manhajar kanta: "kada a taɓa wannan layi, dubi ƙorafi na kaza." An rubuta ta a bayanin kowane gyara da aka shigar, an rubuta ta a sanarwar sabon fitowa, an rubuta ta a shafukan tattaunawar Wikipedia na harsuna ɗaruruwa. Dubban wurare ne da babu mai iya binsu ɗaya bayan ɗaya ya canza. Ka sauya lamba, ka mayar da duk waɗannan nune-nune yatsa mai nuna fili. Mafi muni ma, yatsan ya nuna wani ƙorafi dabam, mutum ya je neman dalilin da ya sa aka hana taɓa layi, ya tarar ana musu a kan launin maɓalli.

Su Wikimedia kuwa sun tarar da ƙarin matsala: wasu ma'aikatansu sun riga sun fara aiki a sabon tsarin, lambobin farko sun riga sun samu masu su. Me suka yi? Lissafin 'yan aji 2. Suka ce kowane tsohon ƙorafi a ƙara wa lambarsa 2000. Na 500 ya zama T2500, na 12345 ya zama T14345. Suka kuma saita tsohon adireshin ya riƙa miƙa mutum kai tsaye zuwa sabon, suka ajiye daskararren kwafin tsohon kundin don mai son gani da idonsa. Ni a wurina wannan ƙarin 2000 ya fi duk wata fasaha da aka nuna a aikin. Ko babu intanet, ko babu wuta, mutum ya ga tsohuwar lamba a takarda ya san inda za shi.

Ka ce to an gama ke nan? Ina! Saura mutane.

Bugzilla da adireshin imel take gane mutum, Phabricator kuwa da asusunsa. Wanda ya yi sharhi a 2006 da imel ɗin da ya daɗe da mantawa, wa za a ce ya yi maganar? Abin da aka yi shi ne, wanda ya buɗe sabon asusu ya tabbatar da tsohon imel ɗinsa, aka mayar masa da kayansa da sunansa. Wanda bai zo ba, aka jingina maganarsa ga wani asusu mai suna bzimport, aka rubuta sunan mai maganar a cikin sharhin. Shi ya sa har yau in ka buɗe tsofaffin ƙorafe-ƙorafen za ka ga wannan bzimport ya fi kowa baki, ya kawo ƙara, ya musa wa kansa, ya dawo ya ba kansa haƙuri. Ba mutum ba ne, manhajar da ta yi jigilar ce.

Dariya kake yi? Je ka Kara, kasuwar shanu, ranar Juma'a ka samu dillalin da ya daɗe a harkar shanu, ka roƙe shi ya nuna maka littafin bashinsa. Murfin ya yage, shafukan sun sha maiƙo, wani wuri biro, wani wuri fensir. A ciki akwai wanda ya ɗauki bijimi zai kawo ciko bayan Sallah, da wanda ya tsaya masa, da ranar da aka yi, da inda aka soke don an biya. Yanzu ɗansa ɗan boko ya zo ya ce Baba wannan littafi ya tsufa, bari in juye maka shi a sabo mai tsabta. Ya juye kuɗin daidai, ko kwabo bai ɓata ba. Amma ya bar sunayen shaidu don sun cika wuri, ya sa wa komai kwanan watan ranar da ya yi juyin, ya zubar da shafukan da aka soke tunda ai an biya. Sati mai zuwa wani ya zo ya ce ni ban ɗauki saniyar nan ba, wani ya ce ni na biya tun bara. Faɗa mini, da wane shafi Baba zai kare kansa? Littafin ya yi kyau, shaidar ta tafi. In har ka yarda wannan yaro ya yi ɓarna, to ka riga ka sauka daga kan maganarka, sai dai kunya ta hana ka faɗa.

Ban ma taɓo maka na sirri ba. A kowane babban kundi akwai ƙorafe-ƙorafen da aka ɓoye da gangan, waɗanda ke bayyana kafar da ɓarawon intanet zai iya bi kafin a toshe ta, da waɗanda ke ɗauke da bayanan mutane. Tsohon tsari yana da irin tasa hanyar kullewa, sabo yana da tasa, kuma ba lallai su yi daidai ba. Kuskure ɗaya wajen haɗa su, ka wayi gari ka shanya wa duniya abin da aka shekara ana rufewa.

Ka ce wannan Wikimedia ce, gidauniya ce mai son dogon taro, ƙwararrun masu rubuta manhaja ba za su ɓata lokaci haka ba. Yawwa, ka kawo kanka. Mutanen Python fa, su ma ba ƙwararru ba ne?

A 2018 Mariatta Wijaya ta rubuta takardar shawara mai lamba 581, ta ce a bar tsohon kundinsu da ke kan tsarin Roundup a koma GitHub, dandalin ajiye rubutun manhaja, tunda rubutun Python ɗin kansa ya riga ya koma can tun Fabrairun 2017. Majalisar jagorancinsu ta amince a 2019. Yaushe aka yi ƙaurar? Afrilun 2022. Ƙirga da yatsunka, ina jira. A tsakani Ezio Melotti da Berker Peksag sun rubuta tasu takardar mai lamba 595, suna cewa a tsaya a gyara na gida ya fi. Ba ta yi nasara ba. Ka san wa aka damƙa wa jagorancin kwashe kayan daga ƙarshe? Shi Ezio Melotti ɗin. Kuma hikima ce, don wanda ya fi kowa sanin abin da za a yi asara shi ya fi cancanta ya tsaya a kan kaya ranar lodi.

Su dabarar ƙara 2000 ba ta yi musu ba. A GitHub layi ɗaya ƙorafi da tayin gyara suke bi wajen karɓar lamba, kuma tayin gyaran shekara 5 sun riga sun cinye dubban lambobi. Dole kowane ƙorafi ya karɓi sabuwa, aka rubuta tsohuwar a jikinsa, aka bar tsohon kundin a buɗe don karatu kawai. Shi ya sa in ka duba jerin canje-canjen Python za ka ga wasu layuka sun fara da bpo, wasu da gh: zamani 2 ne a takarda ɗaya. Wannan ma ba ita ce ƙaurarsu ta farko ba. A 2007 sun taso daga SourceForge, suka taho da lambobin can yadda suke, har ya zama a tsohon kundin za ka ga ƙorafi mai lamba miliyan 1 da ɗoriya ya girmi mai lamba 5000. Baƙo ya gani ya ɗauka Python ta fi kowace manhaja ciwo a duniya.

Bari in matso da kai kusa ka ga irin ƙananan aljanun da ke cikin aikin, tunda kai daga nesa kake hange. Tsohon kundi rubutu zalla yake nunawa, abin da ka buga shi za a gani. GitHub kuwa yana fassara wasu alamomi zuwa ado. A Python akwai sunan da kowane ɗalibi ya sani, init mai ƙaramin layi 2 a gaba, 2 a baya. Ka juye shi haka kawai, GitHub zai haɗiye layukan ya mayar da kalmar baƙin rubutu mai kauri, misalin da mutum ya kawo don nuna matsala ya zama shi kansa matsala. Tazarar farkon layi, wadda a Python ita ce ke raba ma'ana da ma'ana, sai ta rushe in ba a killace rubutun ba. Alamar @ da Python ke sawa a gaban wasu kalmomi, a GitHub kiran mutum ce: in akwai wani mai asusu da wannan suna a Brazil ko Indiya, sai wayarsa ta hau ƙara a kan musun da aka yi tun kafin ya san kwamfuta. Alamar # da lamba a bayanta kuwa nan take za ta zama mahaɗi zuwa ƙorafin da ke da wannan lamba a sabon wuri, ba wanda marubucin ya nufa ba. In kuma ka shigar da kayan ta ƙofar da kowa ke bi, duk za su ɗauki kwanan watan yau, kuma duk wanda ke bibiyar aikin zai tashi ya tarar da dubban saƙonni a akwatinsa. Ranar za ka san mutane nawa ne suka iya zagi da harsunan da ba ka ji.

Har yanzu kwafe da liƙa ne?

Na ga ka canza salo. Yanzu cewa kake: "To a zubar da tsofaffin mana! A buɗe sabon shafi fes, wanda matsalarsa ke nan ya sake rubutowa." Wannan dabara ta fi ta farko, na ba ka rabin maki. Gaskiya ne kundi yakan tara shara: ƙorafin da aka maimaita sau 10, da na wanda ya rubuta "ba ya aiki" ya ɓace, da na sigar da ta mutu tuntuni. Mutanen manhajar GNOME da suka koma GitLab a 2018 sun fi mayar da hankali ga kwashe waɗanda ke buɗe. Amma lura, ba su ƙone sauran ba, sun bar su inda za a iya karantawa. Don rufaffen ƙorafi sau da yawa ya fi buɗaɗɗe daraja. A nan ne aka rubuta "mun duba, ba za mu yi ba, ga dalili." A nan ne wani ya gwada hanyar da kake shirin bi gobe, ya faɗi, ya bar maka alama. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi kuma wanda ka ce ya sake rubutowa, ka san ko wane ne? Mutum ne da ya sayi data da kuɗinsa, ya ɓata dare yana bayyana muku matsalar manhajarku kyauta. Ka share, ka ce ya sake? Zai sake, amma manhajar zai sake.

Sai ka juya ta ɗaya gefen, don na san halinka: "In wahalar ta kai haka, don me za a tashi tun farko? A zauna mana!" Ka ga, a nan ba zan yi maka ihu sosai ba. Manhajar Debian tun 1994 take da kundinta mai aiki da imel, a Nuwamban 2021 lambobinsa suka haura 1,000,000, kuma ba ta motsa ba. Mozilla tana nan a kan Bugzillarta. Babu wanda ya kama su. Ni kaina ina ganin rabin ƙaurar da ake yi ƙyalli ne ke jan mutane, ganin kitse ake yi wa rogo.

Amma ɗaya rabin fa? Tsohon tsari yana buƙatar mai kula da shi, kuma sau da yawa mutum 2 ko 3 ne 'yan sa-kai suka san cikinsa, ranar da suka gaji shi ke nan. Sabon shiga yana so ya kawo ƙorafi, sai a ce ya buɗe wani asusu, ya koyi wani fom mai akwati 20, ya ce Allah ya ba ku haƙuri ya wuce. Rubutun manhaja yana wuri guda, ƙorafi yana wani, mai gyara yana ta safa da marwa. Wani lokaci kuma ba kai ke zaɓar tashi ba, tashin ka ake yi. Google Code ya taɓa zama matattarar dubban ayyuka. A Maris 2015 Google ta ce za ta rufe shi, a Janairun 2016 ta rufe. Wanda ya kwashe nasa ya kwashe, wanda ya yi barci ya tarar da kayansa a ma'ajiyar tarihi, ana gani ba a taɓawa.

Ka ce to ai su Wikimedia sun huta tunda sun koma sabo? Saurara ka ji. Phabricator a Facebook aka haife shi, daga baya kamfanin Phacility ya ci gaba da renonsa. A Yunin 2021 kamfanin ya daina kula da shi. Shekara 7 ba su cika ba da gama waccan jigila! Na ga bakinka ya buɗe za ka ce an gudu ba a tsira ba. Rufe shi tukuna. Da yake shi kansa Phabricator buɗaɗɗiyar manhaja ce, kuma a kan kwamfutocin Wikimedia yake zaune ba na wani ba, sai 'yan sa-kai suka ɗauki rubutunsa suka ci gaba da shi da sunan Phorge. A 2023 Wikimedia ta sauya zuwa wannan, lambobi suna nan, sunaye suna nan, har sunan Phabricator ba su canza a ƙofa ba. Editan Hausa da ya shigar da ƙorafi kafin sauyin ya dawo bayansa ya tarar da abinsa inda ya bar shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da na san kana ɓoyewa a aljihu tun ɗazu. "GitHub kyauta ne, kowa yana can, a zuba komai a can a huta." Kowa yana can, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin dalili ba ne, shi ya ja Python, shi ya ja manhajar LLVM da ƙorafinta sama da 50,000 a ƙarshen 2021. Amma kyautar wa? Microsoft ta sayi GitHub a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma rubutun da aka gina shi da shi a rufe yake, ba za ka iya ɗauka ka ci gaba da shi kamar yadda aka yi wa Phabricator ba. A 2019 ya taƙaita wa masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya wasu ayyuka saboda takunkumin Amurka. Ka ce Najeriya ba ta cikin jerin? Ba ta ciki, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ƙofa ba daga waje kaɗai ake rufe ta ba. Ko ka manta daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin da gwamnatinmu ta dakatar da Twitter, mutanen da ko sunan VPN ba su taɓa ji ba suka zama malamansa?

Ga kuma abin da yawancin ɗalibai ba su lura da shi ba. In ka sauko da aiki ta hanyar Git, tsarin da ake ajiye rubutu da shi a GitHub, rubutun manhajar da tarihinsa kaf suna sauka a kwamfutarka, ko GitHub ya nutse gobe kana da naka. Ƙorafe-ƙorafen fa? Ko ɗaya ba ya biyo ka. Suna can a rumbun kamfanin. Akwai hanyar fitar da su, ba a hana ba, amma sai ka tashi ka yi da kanka, kuma ba ranar da aka kulle ka a waje ake fara neman hanyar ba. Ban ce kada ka zauna a GitHub ba, zauna abinka. Kawai ka riƙa sauke kwafin kundinka lokaci-lokaci, don kayan aro ba ya rufe katara.

Malama, ke ma na gan ki a baya kina murmushi, kina cewa ku dai wannan bai shafe ku ba, ku 5 ne a aikinku na shekarar ƙarshe, kuma kuna da zaurenku na WhatsApp. Sannunku da ƙoƙari! A nan ne ake kai ƙorafi da saƙon murya na minti 4, wanda minti 3 na farko gaisuwa ce da labarin tsadar mota zuwa Kano. A nan ne matsalar shafin rajista ke kwance tsakanin hoton ɗaurin aure da addu'ar Juma'a. Wace lamba gare ta? Wa ya ɗauki gyaranta? An gyara ko ba a gyara ba? Sai an tambayi wanda wayarsa ta fi daɗewa ba ta lalace ba. Su Python sun sha wuya ne don suna da abin kwashewa. Ku ranar da za ku miƙa wa 'yan bayanku aikin, babu ma abin da za a kwasa, sai dai a tara su a yi musu tatsuniya.

Ka ce to in ƙaurar ta kama dole, ni da na cika baki me zan ce a yi? Ba wani asiri. Gwada a kan kwafi tukuna, ka buɗe ƙorafi mafi tsawo da mafi muni ka gani ko sun iso da rai, musamman masu ƙ da ɗ da ɓ, don tsofaffin rumbuna sun iya mayar da su alamar tambaya. Sanar da mutane da wuri su haɗa asusunsu, ka faɗi ranar da za a kulle tsohon, ka kashe saƙonnin sanarwa kafin ka fara. Ka ajiye jadawalin da ke cewa tsohuwar lamba kaza ita ce sabuwa kaza, ko da komai zai ɓata kada wannan ya ɓata. Sannan ga wanda takardun Turawa ba sa damuwa da shi amma mu dole mu damu: rubuta manhajar jigilarka yadda in ta tsaya za ta ci gaba daga inda ta tsaya. GitHub yana da iyakar yawan abin da zai karɓa a lokaci guda, aikin zai ɗauki sa'o'i, kuma ni da kai mun san wuta ba za ta jira ka ba, data ma haka. In ba ka yi wannan ba, za ka sake kunnawa daga farko, kowane ƙorafi ya haifi tagwaye, ka tashi da matsala ninki 2 a manhajar da ba ka ƙara mata ko layi ba.

Har yanzu kana girgiza kai? Ka ce sai ka gani da idonka? Bismillah, ai ba nisa. Buɗe Phabricator na Wikimedia ka nemi T2001. Cire 2000, ka ga saura nawa. Shi ne ƙorafi na farko da aka shigar a Bugzillarsu a 2004, an ɗauko shi an tsallako da shi a 2014 tare da 'yan'uwansa. Abin da yake kuka a kai shi ne takardun bayanin manhajar sun tsufa kuma ba su cika ba. In ka dawo ka faɗa mini ko an gama cika su.